Daga Maraɗi Zuwa Legas: Kwana Shida Cikin Gidajen Wasa

Na bar Maraɗi wata Talata cikin watan Nuwamba na 2025, bayan an idar da sallar asuba, da ƴar jaka guda da awon mita da littafin rubutu. Sana'ata haɗa sauti da fitilu ga ƙungiyoyin teyatur da masu biki. Saboda haka abin da ya kai ni Legas shi ne in ga yadda aka gina dandamalin gidajen wasansu, inda suke rataya lasifika, da yadda suke fama da wuta.

Tun daren Litinin na canza kuɗi a kasuwa, jikka guda ta sefa, wato sefa dubu, a kan naira 2,600 ko kusa da haka. Wanda zai bi sawuna ya riƙe katin ɗan ƙasa ko fasfo, da katin rigakafin shawara, wannan mai launin ɗorawa. Nijar ta fita daga CEDEAO, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma (ECOWAS), ranar 29 ga Janairun 2025, amma ƙungiyar ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar takardunmu masu tambarinta, kuma da su na wuce. Abu biyu ne mutanenmu ke mantawa. Na farko, kan cajarmu mai ƙafa biyu zagayayyu ba ya shiga ramin bangon Najeriya mai ƙafa uku, sai da adafta. Ƙarfin wutar dai ɗaya ne, babu abin da zai ƙone. Na biyu, ba a sayar da layin waya a can sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, don haka ko dai a shirya da mai masauki ya ara wa mutum layi, ko a haƙura da tsadar layin gida.

Daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa babu abin faɗi. Tsakanin Jibiya da Katsina ne haƙuri ke aiki. Hanyar ba ta kai kilomita 50 ba, amma na ƙirga shinge ya haura ashirin kafin in daina ƙirgawa: nan itace ne aka gicciya, can gangar ƙarfe, gaba kaɗan tsofaffin tayoyi. Direbanmu ya jera ƴan canji a aljihun gaban riga tun daga tasha, ba ya ma kashe mota. Sau biyu aka sauke ni, duka saboda awon mita da ƴar na'urar gwajin wuta da ke cikin jakata. Wani mai kaki ya juya ta ya sake juyawa, ya ce, "Malam, wannan fa?" Na ce, "Yallaɓai, ta auna wuta ce," na ɗora ta a kan batirin motar ya ga lamba ta fito, sannan ya miƙo mini. A gefen hanya ana hango aikin layin dogon da zai haɗa Kano da Maraɗi. Na biya jikka biyu zuwa iyaka, naira 3,000 zuwa Katsina, 6,000 kuma zuwa Kano.

A Sabon Gari na shiga babbar motar Legas a kan naira 40,000. An ce ƙarfe huɗu za a tashi, ba a tashi ba sai dab da magariba, don sai an gama cusa buhuna a ƙarƙashinta. Zariya da Kaduna da Abuja duk cikin duhu muka ratsa su. Gari ya waye mana a wajen Lokoja, inda Binuwai ke haɗuwa da Kwara, wato kogin nan namu da ya ratsa Yamai ya wuce ta Gaya. Daga nan ƙasa ta fara sauya kama: Okene da duwatsunta, Owo, Akure, Ife, daji ya yi duhu, rigar sanyin da na sa a Zariya ta koma kaya. Shawarata ita ce a nemi kujerar tsakiya, nesa da tayoyin baya, a riƙe ruwa lita biyu da ƙilishi da dabino, a kuma yi alwala duk inda aka tsaya, don direba ba ya tsayawa saboda salla. Kilomita 127 na ƙarshe daga Ibadan su suka fi cin rai, ba don ramuka ba, don cunkoso. Na sauka a Berger, a mashigar Legas, bayan awa 23.

Masaukina a Agege yake, wajen wani Alhaji ɗan Tibiri mai fataucin albasa, wanda ya fi shekara talatin a can. A Agege mutum zai wuni bai yi wani yare ba sai Hausa. Akwai tuwo da miyar kuka, akwai masu shayi, akwai fura, ko da yake furar tasu ta fi tamu ruwa, nonon kuma sau da yawa na gari ne. Ɗan Maraɗi da ya saba da fura mai kauri zai sha ya yi shiru. Abin da ya fara jan hankalina shi ne sunan mahaɗar da na sauka: Pen Cinema. Kwandasta na ta kiran sunan, ga gadar sama a wurin, amma gidan siliman babu shi. Na tambayi mai masaukina, ya ce, "Ai Malam, suna kawai ya rage. Mu mun kalli fim ɗin Indiya a ciki." Haka tsofaffin gidajen siliman Legas da yawa suka ƙare, wasu coci, wasu shaguna, wasu rumbun kaya. Mu ma a Maraɗi mun san wannan labari.

Ranar Alhamis na nufi babban gidan wasan ƙasa da ke Iganmu. Hanya mafi sauƙi daga Agege ita ce jirgin ƙasa na Jan Layi, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024, yana bi ta Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba ya tsaya a Oyingbo. Ba a biya da kuɗi a hannu, sai da katin Cowry, wanda kuma yake aiki a manyan motocin gwamnati. Na zuba masa naira 5,000. Daga Oyingbo ƴar tafiya ce a ƙaramar mota. Kada wanda ya saba da kabu-kabun Maraɗi ya sa rai da babur: tun Yunin 2022 aka hana su aiki a Ikeja da Surulere da tsibirin Legas da wasu ƙananan hukumomi.

Ginin ana hango shi tun daga kan gada, kamar hular hafsan soja da aka ajiye a tsakiyar fadama. A zamanin Janar Gowon aka fara shi, aka gama a 1976 lokacin Janar Obasanjo, domin bikin al'adun baƙar fata na duniya karo na biyu, FESTAC, wanda aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairun 1977. Wani kamfanin ƙasar Bulgeriya ne ya gina shi, aka kwaikwayi fasalin gidan wasanni da al'adu na birnin Varna. Faɗinsa ya kai murabba'in mita 23,000, tsayinsa ya haura mita 31. An tsara babban zauren don mutum 5,000, ga zaurukan silima biyu, ga zauren taro da na baje koli. Zanen da ya kewaye ginin aikin Erhabor Emokpae ne. Dattawanmu da suka tuna FESTAC galibi hawan daba na Kaduna suke tunawa, amma nan ce cibiyar bikin.

Babban zauren ya yi shekaru masu yawa a rufe kafin Babban Bankin Najeriya da kwamitin bankuna su karɓi aikin gyara, wanda aka ce ya ci naira biliyan 68. A Yulin 2024 aka sa wa ginin sunan marubucin wasan kwaikwayo Wole Soyinka, aka kuma sake buɗe shi ranar 1 ga Oktoban 2025, makonni kaɗan kafin zuwana. Wani ma'aikacin wuta, dattijo mai furfura, ya zagaya da ni inda aka yarda baƙo ya shiga. Ba mu da yare guda sai guntun Turancina da guntuwar Hausarsa, amma sana'a ɗaya ce, nuni da hannu ya wadatar.

Ga abin da ya kamata mai sha'awar gina zaure ya fahimta game da gini irin wannan. Zaure mai cin mutum 5,000 ba a kunna masa sanyi rabi. Ko mutum ɗari uku suka zo, sai an sanyaya iskar ɗakin gaba ɗaya, sai an haska hanyoyi, sai an sa masu tsaro a kowace ƙofa. Ƙungiyar teyatur da ke sayar da tikiti ɗari uku ba za ta iya biyan man janareta na dare guda ba. In kuwa aka bar zauren a rufe don tsimi, a gari mai laima irin Legas, inda iskar teku ke ɗauke da gishiri, sai kujeru su yi fumfuna, wayoyi su yi tsatsa a mahaɗa, rufi ya fara yoyo ba wanda ya gani. Rufewa ta fi amfani lalata zaure. Mu a Maraɗi abokin gabarmu ƙura ce da zafi: ƙura ta toshe fankar amfilifaya, ta yi zafi ta kashe kanta a tsakiyar wasa. Su kuwa laima ce. Dattijon ya nuna mini ƴan ƙunshin gishirin shan laima da yake zubawa cikin akwatin makirfo, ni kuma na kwatanta masa yadda muke busa na'urorinmu duk mako a lokacin hunturu. Muka yi dariya.

Akwai kuma maganar nisa. Idon ɗan kallo yana kama motsin fuskar ɗan wasa har zuwa mita ashirin ko ɗan fiye. Bayan nan sai motsin jiki kawai, shi ya sa manyan zauruka suka fi dacewa da rawa da kiɗa da taro, ba wasan da ya dogara da harara da murmushi ba, irin teyatur ɗinmu na Hausa, wanda rabin dariyarsa a fuska take. Sauti ma haka. Yana tafiyar mita 340 a daƙiƙa, wato kusan milisakan uku a kowace mita. In aka rataya lasifika ta biyu a mita 30 daga dandamali, dole a jinkirta ta da milisakan 90 ko kusa, in ba haka ba na baya zai ji kowace kalma sau biyu, ɗaya daga lasifikar da ke kansa, ɗaya daga ta gaba. Wannan kuskuren ne muke yi kullum a manyan tarukan fili a gida, har a filin kokawa na Kantu da ke Maraɗi lokacin gasar takobi ta ƴan kokawa: sai a ce sono, wato kayan sauti, ba shi da kyau a ƙara ƙara, alhali jinkiri ne ba a saita ba.

A harabar ginin akwai wurin da ake kira Abe Igi, wato gindin bishiya da Yarabanci, inda ƴan wasa da mawaƙa suka yi shekaru suna zama suna cin abinci suna ƙulla ayyuka, har a lokacin da babban zauren ke rufe. Fada ce dai irin tamu, shayi kawai ya rage.

Juma'a na ware wa tsibiri. Daga tashar da ke jikin gidan wasan, jirgin Shuɗin Layi mai aiki da lantarki, wanda aka buɗe a Satumban 2023, tsayawa guda ce zuwa Marina, yana ratsa ruwa ta sama. Daga Marina duk abin da na je gani ana kai masa da ƙafa.

Zauren tunawa da Glover, a titin Customs, shi ne kakan gidajen wasan Legas. An kafa shi a 1887 don tunawa da John Hawley Glover, wanda ya mulki Legas a madadin Ingila tsakanin 1863 da 1872. Sunan nan ya shafe mu, domin Glover ne ya tara Hausawa goma sha takwas a 1863 ya kafa rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover, wadda sojan Najeriya ke ƙirga asalinsa daga gare ta. A wannan zaure aka fara nuna silima a Najeriya, cikin Agustan 1903, kuma a nan Hubert Ogunde, uban teyatur ɗin Yarabawa na yawo gari-gari, ya nuna wasansa na farko a 1944. Ginin da ke tsaye yanzu ba shi ne na asali ba. An sake gina shi a farkon shekarun 1960, gwamnatin jihar Legas kuma ta gyara shi ta buɗe a 2021. Ga shi a matse tsakanin dogayen gine-ginen bankuna, in ba a nuna wa mutum ba zai wuce shi.

Duk zauren da na shiga, abin da nake fara yi shi ne in tsaya a tsakiya in tafa hannu sau ɗaya in saurara. In ƙarar ta mutu cikin kusan daƙiƙa guda, zauren na magana ne, teyatur zai fita tas. In ta yi daƙiƙa ɗaya da rabi zuwa biyu, na kiɗa ne. In kuwa aka ji "tarrr" kamar ana kaɗa ƙarfe, to bango biyu ne masu santsi ke fuskantar juna suna jifan juna da sauti. Maganinsa ba sabuwar lasifika ba ce. Labule mai kauri ne, a rataya shi da ninki, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango. Mu da muke da tabarmi da zana da bargon saƙi a araha, bai kamata zaurukanmu su riƙa amsa-kuwwa ba. Bangon baya shi ya fi muhimmanci: in ya kai mita 17 daga dandamali, sauti zai je ya dawo cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, kunne kuma zai ji shi a matsayin murya ta biyu, ɗan wasa ya riƙa jin kansa yana rikicewa.

Na yi sallar Juma'a a babban masallacin da ke titin Nnamdi Azikiwe, na ci shinkafa da wake a wata rumfa a kan naira 2,500, barkonon ya sa ni hawaye, sannan na gangara titin Broad zuwa Freedom Park. Wannan wurin shi ya fi kama ni a duk tafiyar. Tsohon gidan yarin Turawan mulkin mallaka ne, wanda aka gina da tubalin da aka kawo daga Ingila a 1885. Ƴan siyasa Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo da Anthony Enahoro da jagoran ƴan ƙwadago Michael Imoudu duk sun kwana a cikinsa. An rushe shi a 1979, ya zama juji, har wani mai zanen gine-gine, Theo Lawson, ya tsara mayar da shi dandalin al'adu, aka buɗe a Oktoban 2010 lokacin cikar Najeriya shekara 50. An bar katangar asali, an fitar da sawun ɗakunan fursunoni a ƙasa don mutum ya ga ƙanƙantarsu. Babban dandamalin kuwa yana daidai inda ake rataye mutane a da. Na daɗe a tsaye ina kallon yara ƴan rawa suna bita a kansa.

Ta fuskar sana'a, wurin ya fi kowanne kusa da abin da za mu iya. A sarari yake, kamar dandalin gidan matasa da al'adu na Bawa Ɗan Wardanga da ke Maraɗi. Babu kuɗin sanyaya ɗaki. Katangar kurkuku, wadda aka yi don kada na ciki ya fita, yanzu ita ke tare hayaniyar titi. Bishiyoyi na ba da inuwa, masu abinci na kewaye, kuɗin shiga bai kai na abincin rana ba, saboda haka mutum kan shigo don ya huta ya tarar da wasa. Akwai dandamali fiye da ɗaya, babba da ƙanana, ta yadda wasan mutum hamsin ba ya zama abin kunya a fili mai cin dubu. Abin da ya fi mu shi ne ba a barin mako ya wuce wurin na shiru. Abin da muka fi su shi ne sama, domin su damina biyu gare su a shekara, mu kuwa muna da wata takwas da ba a tsoron ruwa.

Daga nan na taka zuwa Onikan, na wuce dandalin Tafawa Ɓalewa inda aka yi bikin ƴancin kai a 1960, na leƙa cibiyar MUSON ta ƙungiyar masu kiɗa da aka kafa a 1983. Ƙaramin zaurensu na kiɗa an yi shi ne don a ji goge da fiyano ba tare da makirfo ba, kuma akwai makarantar kiɗa a harabar, ɗalibai na shiga da fita da akwatunan kayan busa. Zauren da ke da makaranta a jikinsa ba ya rasa masu amfani da shi ranar Talata da rana.

Asabar da yamma na je Terra Kulture a Victoria Island, wanda Bolanle Austen-Peters ta kafa a 2003 ta ƙara masa zauren wasa mai kujeru 400 a 2017. Na sayi tikiti a kan naira 15,000, kusan jikka shida, kuɗin da a Maraɗi ba wanda zai biya don teyatur. Amma zauren ya cika. A nan ne mutum zai ga amfanin hawa-hawan kujeru. Tazarar ido da ƙoluwar kai kusan santimita 12 ce, don haka dole layin ganin kowane sahu ya haura kan na gabansa da aƙalla haka. In ƙasa shimfiɗe take, sai a ɗaga dandamali ya yi tsayi, na gaba ya wuni yana kallon ƙafafu, na baya ya miƙe tsaye, na bayansa ya hau kujera. Fitilun gaba kuma daga sama suke zuwa, ta hagu da dama, a karkace kamar rabin kusurwa, digiri 45. Mu kan dasa fitila guda a ƙasa tana kallon fuskar ɗan wasa kai tsaye, ta kashe masa ido, ta kuma jefa ƙatuwar inuwarsa a labulen baya. Kafin a fara na duba ƙofofin fita, kamar yadda nake yi ko'ina: waje ya kamata su buɗe, kuma kada a sa musu kwaɗo muddin akwai mutane a ciki. A gida mun sha ɗaure ƙofar baya da sarƙa don hana yara shiga ba tikiti, ba ma tunanin ranar da waya za ta yi tartsatsi.

Dawowa Agege daga can da dare ya ci mini naira 14,000 a motar haya ta waya. Wannan ma darasi ne na sana'a: lokacin tashi daga wasa yana bin lokacin da mota ke ƙarewa, shi ya sa wasanni da yawa a Legas ake yin su sau biyu, na la'asar da na farkon dare.

Akwai wani ƙaramin zaure a wata unguwa, ba zan kama sunansa ba, inda na ga abin da na saba gani a gida. Ana tsakiyar wasa wuta ta ɗauke. Aka tada janareta, ya yi gurnani ya mutu, aka sake, ya sake mutuwa. Na leƙa baya na ga dalili: tsofaffin fitilu 24 masu wat dubu-dubu, wato kilowat 24, ga lasifiku, duka a kan janareta mai kVA 30. Janareta irin wannan kilowat 24 ne iyakar abin da yake bayarwa, kuma fitila mai zare in tana da sanyi takan ja wuta ninkin-ba-ninkin a lokacin kunnawa. Na ce wa yaron da ke kula da wutar, "Ɗan'uwa, sauke duka, ka tada inji ya daidaita, sannan ka ɗaga su huɗu-huɗu, sono a ƙarshe." Aka yi haka da rabin fitilun, wasa ya ci gaba. Da fitilun LED masu wat 200 ne, duka 24 ɗin ba su kai kilowat 5 ba. Wani abin kuma, sono da fitilu kada su sha daga layi ɗaya, don na'urar rage hasken fitila ce ke jawo wannan ƙugin da ake ji cikin lasifika.

Daren Lahadi na ajiye wa gidan kiɗa na New Afrika Shrine a Agidingbi, Ikeja, wanda ba shi da nisa da Agege. Femi da Yeni, ƴaƴan shahararren mawaƙi Fela Kuti, su suka buɗe shi a shekarar 2000, shekara uku bayan rasuwar mahaifinsu. Fela ya ƙaurace wa FESTAC, ya riƙa yin nasa wasan a tsohon Shrine, baƙin bikin na sulalewa can da dare. Kwana shida bayan rufe bikin, ranar 18 ga Fabrairun 1977, sojoji suka ƙone gidansa na Kalakuta. Duk Oktoba ana makon tunawa da shi a nan. Shugaban Faransa Macron ma ya ziyarci wurin a Yulin 2018. Ginin kansa ƙatuwar rumfa ce ta ƙarfe da kwano, kamar rumbun ajiyar taki, rufi can sama, gefuna a buɗe iska na ratsawa. Babu labule, babu kujerun alfarma, sai na roba da tebura. Ana shan giya ana busa hayaƙi, wanda ba ya iya zama da wannan ya sani tun daga gida. Ni kusa da ƙofa na zauna inda iska ke shigowa.

Kwano mugun abu ne ga sauti, amma buɗaɗɗun gefuna suna barin ƙara ta fice maimakon ta yi ta yawo a ciki, jikin jama'a kuma yana shanye saura. Shi ya sa wurin da ya yi ƙara kamar tukunya lokacin gwaji yakan gyaru in ya cika, kuma mai haɗa sauti da ya saita komai a zaure wayam dole ya sake taɓawa in mutane sun shigo. Na ƙirga masu busa da masu kiɗa da ƴan rawa sun haura goma sha biyar a dandamali, kowanne na jin kansa, ba a yi kukan makirfo ko sau ɗaya ba. Sirrin a fili yake: manyan lasifiku na gaban layin makirfo, ba bayansa ba, ƙananan da mawaƙa ke jin kansu da su kuma suna kallon bayan makirfo. Ana bita a buɗe ranar Alhamis, ana wasa ranar Lahadi, an ɗauki shekaru a haka. Direban da ya mayar da ni bai tambayi kwatance ba.

Talata na kama hanyar gida. Wannan karon na shiga jirgin ƙasa daga tashar Agege zuwa Moniya a Ibadan, tafiyar awa biyu da ɗoriya cikin sanyi, daga nan na hau motar Kano. Kuɗin mota zuwa da dawowa, da zirga-zirgar cikin gari, da abinci da tikiti, sun tashi kusan naira 230,000, wato jikka 90 ba kaɗan, ban biya masauki ba. Na sayo fitilun LED huɗu da na'urar jinkirta sauti ta hannu a kasuwar Alaba, su ne suka sa aka sauke ni sau biyar tsakanin Katsina da Ɗan Isa. Rasiɗin saye ne ya cece ni, don haka a karɓe shi da tambarin shago a adana a aljihu, ba cikin kwali ba. Na iso Maraɗi ranar Laraba da dare, hunturu ya riga ya sauka, na naɗe na'urorin cikin leda kafin in kwanta.